Tayinka Na Tona Asirin Aljihunka: Daga Teburin Karta Zuwa Kasuwar Gure

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma duk wanda ya daɗe yana cin kasuwa ya san cewa tsohon dillali ba ya ɓata lokacinsa wajen kallon fuska, domin kuwa fuska kowa ya iya ɗaure ta. Abin da yake kasa kunne ya ji shi ne adadin da zai fara fitowa daga bakinka idan ya ce maka, "Alhaji, taya mana." Daga wannan tayi na farko, musamman in ya saba ciniki da kai, yana iya gane ko ragon ya shiga ranka, da abin da ke cikin aljihunka, har ma da inda za ka tsaya. Kafin ka ankara ya riga ya gama lissafinsa, sauran ja-in-jar da za ku kwashe minti ashirin kuna yi duk cika al'ada ce kawai.

Wannan al'amari ne ya sa a yau muka ga ya dace mu leƙa da 'yan uwanmu 'yan kasuwa, maza da mata, garin Gure da ke Jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, daga nan kuma mu tsallaka da su wani wuri da ba su zata ba, wato teburin masu karta a ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana nazarin wannan matsala da alƙalami da takarda, daga baya ma har da kwamfuta.

Garin Gure yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Tsohon gari ne na ƙasar Muniyo, kuma Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a cikinsa a shekarar 1852, lokacin yana babban birnin Sarkin Muniyo. Ƙasar tudun rairayi ce da duwatsu, amma a tsakankanin tuddan akwai kwaruruka masu damshi inda ake samun dabino da goruba da kanwa da kayan lambu. Daga arewa, wajen Kelle da Tasker, makiyaya ke gangarowa da raƙuma da shanu da tumaki da awaki, daga kudu kuma fatake ke haurowa, da yawansu daga Najeriya. Saboda haka a kasuwar Gure da kasuwannin da ke kewaye da ita, irin su Subdu da Gidigir, za ka tarar da Bamange da Bahaushe da Bafulatani da Batube da Buzu da Balarabe duk a fili ɗaya, kowa da harshensa, amma ciniki na tafiya. Da yawa daga cikin dabbobin da ke fita daga wannan yanki, hanyarsu na ƙarewa ne a manyan kasuwannin Najeriya irin su Maigatari ta Jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis.

A irin wannan kasuwa, da wuya mai dabba ya yi ciniki kai tsaye da mai saye. Makiyayi yana da dillalinsa, wani lokaci ma gadon mu'amalar suka yi daga iyaye. Shi ke sauke shi, shi ke riƙe igiya, shi ke tsaya wa mai saye a kan cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi kuma ke karɓar la'ada idan ciniki ya faɗa. Mai saye zai taya, dillali ya ce albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, dillali ya ja mai dabba gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ja mai saye gefe su ma su yi tasu, har dai a kai ga "na sallama, Allah ya ba da riba." A gefe guda kuma ga 'yan baranda, waɗanda ke saye da safe su sayar da la'asar a kasuwa ɗaya ba tare da dabbar ta motsa daga turkenta ba. Su waɗannan ba su da wani jari da ya wuce iya karatun mutane.

To me suke karantawa? Sabo. Kusan kowane mai saye yana da wata al'ada da shi kansa bai san yana da ita ba. Akwai wanda ko me aka ce masa sai ya raba biyu ya taya rabi, ya riƙa hawa da jika biyu-biyu, ya tsaya a hawa na huɗu. (Ga masu karatunmu na Najeriya, jika ɗaya a Nijar ita ce sefa 1,000, dala kuma sefa 5.) Akwai wanda in dabba ta burge shi sai ya fara da tayi mai tsoka don kada wani ya riga shi, in kuwa ba ta dame shi ba sai ya jefa tayin wulaƙanci ya wuce. Akwai kuma mai wayon da ya juya abin, wanda yake so shi yake kushewa, ya ce ai ragon nan ƙashi ne kawai da gashi, alhali hannunsa bai bar gadon bayan ragon ba. Shi ma wannan mako biyu ya isa a gane shi. A ɓangaren masu sayarwa ma haka abin yake. Mun san masu kayan miya da masu dabino da kullum a "albarka" ta uku suke sallamawa, kuma duk unguwa an san haka, har yaran da ake aika ma sun san sau nawa za su juya baya kamar za su tafi kafin a kira su.

Misali, a ce dillali ya riƙe rago, mai shi ya ce kada a sayar ƙasa da jika 70. Ga mai saye nan ya zo, wanda dillalin ya san cewa duk abin da ya fara tayawa, yakan ƙare ne da ƙarin kusan rabinsa a kai. Ya buɗe baki ya ce jika 60. Nan take dillali ya san akwai jika 90 a aljihun bawan Allah, saboda haka ko da tayi ya kai 70 ba zai sallama ba, zai ci gaba da cewa albarka yana girgiza kai har sai an kai 85. Jika 15 ɗin nan da ta hau, ba kyan rago ne ya jawo ta ba, sabon mai saye ne.

A nan ne maganar karta ta shigo. Kafin mu ci gaba, bari mu faɗa tun da wuri, kada wani ya ce mun buɗe makarantar caca. Caca haramun ce, Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a aya ta 90 da ta 91, kuma ko ba a je ga nassi ba, lissafi kaɗai ya isa ya hana mai hankali. A gidan caca, mai gida yana zare kasonsa daga kuɗin da ke tsakiya a kowane zagaye, don haka in mutum tara suka kwana a teburi, kuɗin da za su tashi da shi gaba ɗayansu bai kai wanda suka zauna da shi ba. A kasuwa kuwa makiyayi ya tafi da hatsi, mahauci ya tafi da sa, kowa ya samu abin da ya fi buƙata. Sai dai kamar yadda likita ke koyon lafiya daga jikin mai ciwo, haka nan akwai abin da ɗan kasuwa zai tsinta daga binciken da aka yi a kan wannan wasa.

Wasan da muke magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira foka. Ya sha bamban da kartar da matasa ke bugawa a fada suna shan shayi a Damagaram ko Gure. A nau'in da ya fi shahara, ana raba wa kowane mutum karta biyu a rufe, sannan a buɗe guda biyar a tsakiyar teburi daki-daki, uku da farko, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Sau huɗu ana zagayawa ana zubi. In layi ya zo kanka, ko ka zuba kuɗi, ko ka biya daidai abin da na gabanka ya zuba, ko ka ɗora a kai, ko kuma ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Wanda ya fi kyan karta a ƙarshe shi ke kwashe tulin, amma in kowa ya tsorata ya ajiye, to wanda ya rage shi ke kwashewa ko da kuwa babu komai a hannunsa, kuma ba dole ne ya nuna ba. Tun daga 1970 ake gudanar da gasar duniya ta wannan wasa a birnin Las Vegas. Kuɗin shiga babbar gasar dala 10,000 ne na Amurka, kuma a 2023 da 2024 waɗanda suka shiga sun haura mutum 10,000 a kowace shekara.

Tunda ba wanda ke ganin kartar wani, abin da kowa ke sa wa ido a teburin shi ne girman zubi. Sabon shiga, in ya samu karta mai kyau sai ya zuba da yawa saboda zumuɗi, in ta yi rauni sai ya ɗan yafa kaɗan. Wani kuma ya juya, in tana da kyau ya zuba kaɗan don ya yaudari mutane su biyo shi, in babu komai ya turo tuli don ya razana su. Duka biyun abincin gwanaye ne, domin da zarar an ga kartarsa sau biyu ko uku a ƙarshen wasa, an haɗa ta da irin zubin da ya yi, shi ke nan ya zama kamar mai wasa da karta a buɗe. Mai karatu zai ga cewa waɗannan mutum biyu su ne dai masu sayen ragon da muka baro a Gure.

Wani masanin lissafi haifaffen ƙasar Hungary, John von Neumann, shi da abokin aikinsa Oskar Morgenstern, sun fitar da wani littafi a 1944 a kan lissafin wasanni da harkar tattalin arziki, kuma a ciki sun ɗauki foka a matsayin misali. Abin da suka nuna shi ne, burga, wato zuba kuɗi mai yawa alhali kartar ba ta da kyau, ba rashin hankali ba ce, wajibi ce a wasan. In mutum bai taɓa yin burga ba, duk ranar da ya zuba da yawa kowa zai gudu, kyakkyawar kartarsa ta tashi a banza. In kuma kullum burga yake yi, za a riƙa binsa ana kwashe masa kuɗi. Dole ya cakuɗa, kuma cakuɗawar tana da ma'auni.

Ga yadda ma'aunin yake, da kuɗinmu na gida don a fi ganewa. A ce zagaye na ƙarshe ne, akwai jika 10 a tsakiya, wani ya zuba jika 10. Mai binsa zai biya 10 don neman 20, ke nan ko sau ɗaya cikin uku ya yi nasara bai yi asara ba. Saboda haka mai zubin, in yana son kada a gane shi, a cikin duk zubi uku irin wannan, biyu su kasance da karta ta gaske, ɗaya burga. In jika 5 ya zuba, mai bi zai biya 5 don neman 15, sai burgar ta koma ɗaya cikin huɗu. In kuwa 20 ya zuba, burga na iya kaiwa biyu cikin biyar. Abin lura a nan shi ne, kowane irin zubi, babba ne ko ƙarami, akwai gaskiya a cikinsa akwai burga. Ba a ware babban zubi ga kyakkyawar karta, ƙarami ga mummuna.

Wannan ita ce gaɓar da mutane da yawa ke kuskurewa. Sun ji an ce a riƙa sauya zubi don kada a gane mutum, sai su ɗauka ana nufin yau ka zuba kaza gobe kaza yadda zuciya ta raya maka. Matsalar ita ce zuciya ba ta iya rashin tsari ba. Mutum na ganin kamar ya yi canji ne haka kawai, alhali tsoro ne ko kwaɗayi ya zaɓar masa adadin, kuma tsoron da kwaɗayin daga kartar da ke hannunsa suka taso. Shi ya sa gwanayen wasan suka kasu biyu. Wasu suka ce a zagayen farko ka riƙa zuba adadi ɗaya tak ko me ke hannunka, ta yadda adadin ba zai faɗi komai ba. Wasu kuma suka ce ka sauya, amma ka ɗora sauyin a kan abin da kowa ke gani, kamar kartar da aka buɗe a tsakiya da wurin zamanka da yawan kuɗin abokin karawarka, ko kuma a kan wani abin da ba ruwansa da kai sam. Dan Harrington, wanda ya ci gasar duniya a 1995, ya ba da shawarar mutum ya yi amfani da agogon hannunsa. In yana son ya yi wani abu sau huɗu cikin biyar, sai ya saci kallon hannun daƙiƙa, in yana tsakanin 1 da 48 ya yi, in ya wuce nan ya yi ɗaya abin. Agogo dai ba shi da zumuɗi.

A watan Janairun 2017 aka gwada wannan magana a fili. Masana biyu daga Jami'ar Carnegie Mellon, Tuomas Sandholm da Noam Brown, sun ƙera wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, aka haɗa ta da ƙwararrun 'yan wasa huɗu a birnin Pittsburgh. Kwana 20 aka yi ana bugawa, rabo 120,000, kwamfutar ta tashi da ratar sama da dala miliyan 1.7 na kuɗin wasa. Daga cikin abubuwan da suka rikita ƙwararrun akwai yadda take zubi. Wani lokaci ta zuba ɗan mitsitsi, wani lokaci ta turo abin da ya ninka kuɗin tsakiya sau da yawa, kuma karta iri ɗaya tana iya fitowa da wannan zubin ko wancan. Kowane dare mutanen kan zauna su nemo inda take da sabo, kashegari su tarar ta toshe wurin.

Wani binciken ma ya fi kusa da mu. A 2013 wani mai nazarin halayyar ɗan Adam, Michael Slepian, da abokan aikinsa sun nuna wa ɗalibai gajerun hotunan bidiyo na 'yan wasan gasar duniya ta 2009 suna tura kuɗi tsakiya, aka ce su canki wa ke da karta mai kyau. Waɗanda aka nuna wa fuska ba su tsinana komai ba. Waɗanda aka nuna wa motsin hannu kaɗai su ne suka fi dacewa. Wato ƙwararre ya iya ɗaure fuska, amma hannunsa na ba da labari. Da muka karanta wannan sai muka yi dariya, domin dillalan Gure ba su jira jami'a ba. Sun daɗe da sanin cewa wanda ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya matsa ƙirji, ya ɗaga wutsiya, ya tafi, sannan ya sake zagayowa ya dafa shi, to ko me bakinsa ke faɗa, ya riga ya saya.

Abin da ya ƙara wa wannan magana muhimmanci a zamaninmu shi ne wayar salula. A da, babban sirrin kasuwa shi ne farashi. Falke ya san abin da buhun gero ke yi a Damagaram ko Maradi, manomi bai sani ba. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da waya ke shiga gari-gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta isa. Yau makiyayi na iya kiran ɗan uwansa a Maigatari kafin ya kwance igiya. Farashi ya zama kamar kartar tsakiya, kowa na gani. Abin da ya rage a rufe shi ne matsuwarka da iyakar kuɗinka, kuma su ne tayinka ke fallasawa.

To me ɗan kasuwa zai yi? A ganinmu, abu na farko shi ne mutum ya san sabonsa. Ka tambayi yaron shagonka, ko ke Hajiya ki tambayi maƙwabciyar rumfarki, cewa in ina ciniki yaya nake yi? Za ku sha mamakin amsar, domin sun daɗe da haddace ta. Bayan haka, ka yanke iyakarka tun daga gida, kafin idonka ya faɗa kan kayan, domin adadin da aka yanke a gaban rago, rago ne ya yanke shi. Sannan tayin farko ya dogara a kan kasuwa, wato farashin ranar da yawan kayan da suka shigo da kusantowar Sallah, kada ya dogara a kan yadda abin ya kwanta maka a rai. Wanda kake so da wanda ba ka damu da shi ba, ka taya su da murya ɗaya da ma'auni ɗaya. Hawan ma kada ya zama tsani mai matakai daidai, yau jika biyu, sai ɗaya, wani lokaci ka tsaya cak a tayi na biyu. Mafi wuya a cikinsu duka shi ne, lokaci-lokaci ka juya baya ka tafi da gaske, ka bar abin da kake so, kada ka dawo. Ranar za ta yi maka ciwo. Amma wannan tafiya guda ɗaya ita ce za ta sa a yarda da juya bayanka na sauran shekara. Mai sayarwa ma haka, in kullum kina kiran mai saye ya dawo, to "albarka" ɗinki ta zama gaisuwa.

A kasuwannin dabbobi na Somaliya, irin su Hargeisa da Burao, sun ɗauki wata hanyar daban. Mai saye da dillali kan haɗa hannu a ƙarƙashin mayafi, su yi cinikin da matsa yatsu, ta yadda na gefe ba zai ji adadin ba balle ya haddace sabon kowa. Ƙus-ƙus ɗin dillalanmu ma kusan aikin da yake yi ke nan.

Sai dai a nan dole mu ja layi, domin ba duk abin da ya halatta a teburin karta ne ya halatta a kasuwa ba. Ɓoye matsuwarka haƙƙinka ne, ba wanda ya wajabta maka ka faɗa wa dillali nawa ke aljihunka. Amma burga irin ta 'yan karta, in ta shigo ciniki, sunanta ya canza. Mutum ya tsaya yana ƙara wa dabba kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ingiza baƙo, wannan shi ne malaman fiƙihu ke kira najashi, kuma an hana shi. Haka nan rantsuwar ƙarya cewa "wallahi yanzu aka taya kaza na hana," da ɓoye aibin dabba, da shiga cinikin wani bayan sun kusa daidaitawa. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan wala-wala a bakin kasuwa ya ga najashi tsirara. Mutum biyu ko uku da ke ta "ci" suna murna a gaban mai karta uku, ai yaransa ne. Za a bar baƙauye ya ci ƙaramin zubi sau ɗaya ko biyu, sai ya kwance kuɗin akuyar da ya sayar, daga nan labari ya ƙare.

Akwai kuma wuraren da ake so a san ka sarai, a iya rantsuwa a kan abin da za ka yi gobe. Tiyarki ta awo kada ta sauya, ranar biyan bashi kada ta sauya, zubin adashi kada ya sauya. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanun da ake kaiwa kudu kusan duk a kan bashi yake tafiya, mahauta su ɗauka su biya daga baya, maigidan da ya sauki falke shi ke tsayawa. Abin da ya riƙe wannan harka shi ne kowa ya san halin kowa. Ɗan karta yana zaune ne da mutanen da yake son ya talauta, ɗan kasuwa kuwa yana buƙatar abokin cinikinsa ya rayu ya dawo mako mai zuwa. Saboda haka tsohuwar da ta shekara goma tana sayen kanwa a wurinki, ba ita za ki gwada wa dabarar agogo ba. Ki yi mata farashinta da ta sani, ki ƙara mata gyara.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damunmu. 'Yan karta sun san cewa duk wannan dabara ta mai kauri ce. Wanda kuɗinsa ya kusa ƙarewa a teburi ba shi da zaɓin babban zubi ko ƙarami, abu biyu ne kawai ya rage masa, ko ya tura duka ko ya ajiye, kuma kowa a teburin ya san haka. A ƙasar Gure an ga wannan a zahiri. Bayan fari da farin ɗango na 2004, shekarar 2005 ta zo da tsadar hatsi a Jihohin Damagaram da Maradi, gero ya hau, dabba ta faɗi, makiyayi ya riƙa ba da awaki biyu ko uku a kan abin da ɗaya ke saya masa a da. A 2010 ma rashin ciyawa ya sa an yi ta sayar da shanun da ba sa iya tashi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ko ba fari, abin da ya fi ƙarfin mai dabba na iya rage masa masu saye dare ɗaya, kamar rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da faɗuwar darajar Naira wadda ta sa falken Najeriya ya zo da kuɗin da ba su da nauyi in an juya su sefa, da kuma dakatar da fitar da dabbobi waje da gwamnatin Nijar ta yi a watan Mayun 2025 ana dab da babbar Sallah.

A irin wannan lokaci, matar da ta jawo akuyarta tun asuba daga ƙauye, da buhu wanda ba komai a ciki a naɗe a hammatarta, ba sai ta buɗe baki ba. Buhun ya riga ya gaya wa 'yan baranda cewa ba za ta koma gida da akuyar nan ba, sai su bar ta a rana har la'asar, lokacin da motar ƙauyensu ta fara kiran fasinja, sannan su zo su taya. Abin da za ta iya yi tun kafin ranar ne. Ta sayar tun kaka ko da sanyi, lokacin da akuyar ke da nama kuma rumbu bai kwashe ba. Ta haɗa kai da matan garinsu su ba dillali ɗaya amintacce awakinsu gaba ɗaya, domin mai awaki goma ana jin maganarsa fiye da mai ɗaya. In tana cikin adashi, ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo a watannin bazara zuwa farkon damina. Akwai kuma tsarin jinginar amfanin gona da ƙungiyoyin manoma a Nijar suka fara tun ƙarshen shekarun 1990, inda ake ajiye hatsi a sito a karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi. In ma duk wannan bai samu ba, to ko buhun ta bar shi a wurin wata 'yar uwa a bakin kasuwa, ta shiga da igiya kaɗai. Tiya biyu ta gero da ta rage a gida ta isa ta ba ta ikon cewa "albarka" da la'asar, ta ja akuyarta ta koma, ta dawo kasuwa mai zuwa.